Batir Biyu da Kwalekwalen Yaya Hamisu

Tun da na dawo ban huta da tambaya ba. Duk wanda ya biyo ta shagona a Fadaman Mada, ko fitilar mota ya kawo gyara ko inuwa kawai ya zo sha, sai ya ce, "Rabi'u, yaya Kamaru?" In na ce lafiya, a ce ba a yarda ba, sai na ba da labari. Na ba da shi har bakina ya yi tsami, kuma kowa da inda yake katse ni. To ga shi na zauna na rubuta sau ɗaya. Wanda ya sake tambaya in miƙa masa ya karanta, ni in ci gaba da aikina. Amma tun yanzu ku sani, ba yawon buɗe ido na je ba. Dako na je yi, kuma har yau bayana bai yafe min ba.

Yayana Hamisu ya fi shekara ashirin a Lagdo, wani babban dam da ke gaba da Garwa. Sana'ar su, wato kamun kifi, yake yi. Mu gidanmu ba masunta ba ne, wani kawunmu ya bi tun yana saurayi, ruwa ya riƙe shi. Bara kafaɗarsa ta dama ta lalace. Likita ya ce shi da filafilin tuƙa jirgi sun rabu, in ya matsa wa hannun zai mutu gaba ɗaya. Injin fetur kuwa sai an fizgi igiya yake tashi, shi ko buta ba ya iya ɗagawa sama da wannan hannu. 'Ya'yansa mata ne, duk suna ɗakin mazansu. Wata biyar yana zaune a bakin ruwa yana ɗinke wa mutane koma, kwalekwalensa na kife a kan yashi. Ya ce min a waya in damina ta faɗi bai koma ruwa ba, zai sayar da jirgin ya dawo Bauchi ya zauna. Yadda ya furta "in zauna" ɗin nan shi ya hana ni sukuni.

Ni aikina wayarin ɗin mota, sai ɗan haɗa sola da na ƙara daga baya. Wata rana ina aiki a gidan wani malamin jami'a a Yelwa, na ga wani abu jingine a garejinsa, doguwar sanda mai farfela a ƙasa da mariƙi a sama. Ya ce injin ƙaramin jirgin ruwa ne mai aiki da batir, ba igiya, ba hayaƙi, murɗa mariƙin kawai ake yi. Ya zo da shi daga waje da niyyar kamun kifi a dam ɗin Gubi, bai taɓa samun lokaci ba. Da na ba shi labarin Yaya, sai ya ce in ɗauka. Na kai shago, na cika duro da ruwa, na haɗa shi da batir biyu da guntayen waya, ya juya ruwan nan kamar ana dama kunu.

Na kira Yaya na ce ya auna min daga bayan jirgi, inda inji zai zauna, zuwa tsakiya, inda batir zai zauna don kada nauyi ya rinjayi baya. Ya ce kamu takwas. Na sayi jar waya mai kauri, irin ta masu walda, kamu tara. Na ɗauki guntuwar baƙa kamu ɗaya, da fiyus, da kawunan batir, da batiran sola biyu sababbi. Na duba jakata sau uku, na ce ba abin da na manta.

Ana gobe zan tafi na je Tirwun yi wa Inna, mahaifiyarmu, sallama. Tana zaune tana tsinke zogale, ta saurare ni har na gama bayanin inji. Sai da na miƙe ta ce, "In abin nan bai yi ba, ka taho min da yayanka. Kar ka dawo kai kaɗai." Na ce to, in sha Allahu. Ban ma tsaya na yi tunanin me nake cewa to a kai ba.

Wahala tun daga tasha ta fara. Batir ɗaya nauyinsa ya kusa buhun siminti. Direban motar Yola ya cicciɓa ɗaya ya dire, ya dube ni ya ce, "Malam, dutse za ka kai Yola? Ai suna da nasu." Aka yi ta ja-in-ja, daga ƙarshe aka tura su ƙarƙashin kujerar tsakiya. Injin kuma na naɗe shi da buhu, amma farfelar ta leƙo, ita ce ta zame min abin magana har na isa. Wani ya ce fanka ce. Wani ya ce injin markaɗe ne na zamani. Wani dattijo ya rantse ya ga irinsa ana yankan ciyawa da shi a gidan gwamnati. Tun ina bayani har na koma cewa "e, shi ne" ga duk abin da aka faɗa.

Wadda ta zauna kusa da ni wata 'yar kasuwa ce, Hajiya Dudu, tana kai atamfa Garwa. Ƙafafunta a kan batirina suke. Kafin mu kai Alƙaleri ta tambaye ni sau huɗu ko ba zai fashe ba. Na ce ba zai fashe ba. Ta ce, "In ya fashe, ɗan nan, ƙafafuna na wuyanka." Daga nan ta buɗe leda ta miƙo min ƙosai, muka shirya. Allah ya saka wa matar nan da alheri, don ba don ita ba da ina jin har yanzu ina bakin iyaka ina zare ido.

Gaba da Kaltungo taya ta fashe. Tayar canji kuma tana can ƙarƙashin kaya, sai da aka sauke komai. Na sauke batir biyu, na mayar. Ba mu yi nisa ba direba ya ce ya manta jak a inda muka tsaya, muka koma. Kusa da Numan wata tayar ta yi faci, aka ce a rage wa mota nauyi kafin a ɗaga ta, kowa ya juyo yana kallona. Na sake saukewa, na sake mayarwa. Lokacin da muka hau gadar Numan mutane suna leƙen ruwa suna cewa masha Allah, ni kaina na jingine a kujerar gaba, ban ga komai ba.

A Jimeta muka kwana, a wani masauki kusa da tasha da Hajiya ta sani. Mai kula da wurin ya ce ba a barin kaya a tsakar gida, ɗakin da ya rage kuma a sama yake. Na hau da batir ɗaya, na sauko, na hau da ɗayan. Ina zama ya ƙwanƙwasa ƙofa. Wai ya ga alama ni mai gyaran wuta ne, solarsu ta kwana uku tana ƙara, ko zan ɗan leƙa? Ku da kuka san sana'ar nan kun san babu inda za ka je ka tsira. Na sauko na ɗaure musu wayar da ta kwance, fanka ta tashi a kowane ɗaki ban da nawa, don tawa ta ƙone tun tuni.

Washegari muka ɗauki hanyar iyaka, rabi a mota rabi a kan babur. Mai babur ɗaya ya ɗauki batiran, ɗaya ya ɗauke ni rungume da inji kamar mai kai amarya. Akwai kogi da ake tsallakawa a kwalekwale. Ranar ce ranar farko da na taɓa shiga jirgin ruwa a rayuwata. Na zauna na ƙanƙame gefensa da hannu biyu, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Katako na riƙe, a kan katako na zauna, ƙafata a kan katako, amma tsoro bai bar ni na yi tunanin komai a kai ba.

A can ƙetare akwai ɗan ofis, da jami'i zaune a bayan tebur cike da takardu. Ya duba katin rigakafina da takarduna, ba matsala. Sai ya nuna buhun ya yi tambaya da Faransanci. Na ce injin jirgi ne. Hajiya ta juya masa da Fulatanci. Ya buɗe buhun, ya dubi 'yar farfelar nan, ya yi dariya har da dukan tebur. Hajiya ta ce wai yana cewa ya san injin jirgi, wannan bai yi kama da shi ba, in da gaske ne in tashe shi ya gani. Na durƙusa na haɗa batir biyu da guntayen wayar gwaji, na ɗaga injin sama, na murɗa. Farfela ta ɗauka, iskarta ta kwashe takardun teburin nan kaf, har da hular wani da ke jiran layi. Na ce shi ke nan, yau a nan zan kwana. Amma mutumin kirki ne. Muka tsince takardu tare, ya buga min hatimi yana share hawayen dariya, ya ce wa Hajiya a gaya min in gaida mai jirgin.

Garwa gari ne mai zafi, zafin da ya sa na daina ƙorafi da na Bauchi. Za ka ji Hausa a kasuwa, amma Fulatanci ne ke riƙe da gari, ɗan wanda na tsinta a wurin maƙwabtanmu bai wuce gaisuwa ba. Abin da ya fi ɗaure min kai burodinsu. Dogo ne kamar sanda, bayansa da tauri, kuma ba sa sa shi a leda. Ka ga babban mutum da babbar riga ya soke shi a hammata yana tafiya abinsa. A wurin mai shayi na nuna abin da na ga wani yana ci, sai aka soya min ƙwai da taliya a ciki, aka tsaga burodin aka cusa. Taliya a cikin ƙwai a cikin burodi! Na ci, don yunwa, kuma ba zan yi ƙarya ba ya riƙe min ciki har la'asar, sai dai dasashina ya ji jiki. Na tuna masar gidanmu da miyar taushe, na ji kamar in yi kuka. A tashar motocin zuwa Lagdo muka rabu da Hajiya Dudu. Ta ce, "Ka ga bai fashe ba." Kamar ni ne mai tsoron.

Na isa Lagdo da la'asar sakaliya. Ruwan ba shi da iyaka, ga duwatsu a tsakiyarsa, ban tsaya kallo ba don ina neman wanda zai kama min kaya. Unguwar masunta duk warin banda take. Yaya ya fito tarye na, na kusa kasa gane shi. Ya rame, kafaɗar dama ta sauka ƙasa da ta hagu. Da hagu ya miƙo min hannu, ya ce in yi haƙuri. Matarsa Adda Hafsatu, Bafulatanar can ce, ta leƙo ta ce, "A'a, mijina na Bauchi ya zo? Wannan sandar ce za ta tura jirgi? Da ka bar min ita in riƙa tuƙa tuwo." Ta kawo tuwon masara da miyar yakuwa da kifi. Da safe kifi, da rana kifi. Kwana biyar na yi a gidan, ban ga abinci ba kifi ba sai shayi.

Su can ba a taɓa jirgi da sabon aiki sai an gaya wa sarkin ruwa, don haka da safe sai da muka je muka gaishe shi, ya yi addu'a. Kuma ba a shiga jirgin mutum da takalmi. A Bauchi in ina aiki a ƙarƙashin mota, mutum biyu uku ne za su tsaya kallo. A can duk wanda bai fita su ba ranar sai da ya zo. Aka taru aka juyo da kwalekwalen, aka tura shi gefen ruwa. Wani kafinta ya kafa min katako a baya na ɗaure inji. Ya yi min akwati mai ƙafa a tsakiya, don ruwan da ke taruwa a cikin jirgi kada ya taɓa batir. Na zaunar da batiran, na haɗa kan ja na ɗaya da kan baƙi na ɗayan, na sa fiyus, na ja jar waya tun daga tsakiya har baya, ta kai cif har da saura. Mutane suna ta gyaɗa kai. Na ɗauko guntuwar baƙar waya da sufana, na sunkuya ina neman inda zan ɗaure ta.

Na fi minti guda a sunkuye.

Ga wanda bai san aikinmu ba: wuta sai ta je ta dawo. A mota waya ɗaya muke ja, ta zuwa. Ta dawowa kuwa ƙarfen motar ne, sai ka ɗaure guntuwar baƙa a bodi, shi ke nan. Shekara goma sha bakwai hannuna yana yin haka ba tare da ya tambayi kaina ba. Kwalekwale ba shi da bodi. Katako ne daga kai har gindi. Ina buƙatar baƙar waya mai kauri kamu takwas, ga ni riƙe da kamu ɗaya, a ƙasar mutane, jama'a sun zagaye ni.

Yaya ya ce, "Lafiya, Rabi'u?"

Na ce, "Lafiya lau, wata 'yar waya ce zan ƙaro."

Na zagaye kasuwar Lagdo shago shago. Wayar gida ce kawai, siririya, irin ta ƙwan fitila. Mai walda ɗaya na samu, ya ce tasa ita ce abincinsa, kuma gaskiyarsa. Aka ce sai Garwa, can ma sai an dace, ga shi gobe Lahadi, su kuma ranar shagunan kayan wuta a rufe suke. Na tuna hanyar, na tuna zafin, na fasa. Nan na yi abin da in yaron shagon wani ya yi a gabana sai na yi masa faɗa. Na sayi siririyar, na ninka ta uku, na murɗe, na ce wa kaina za ta ɗauka. Na san ba za ta ɗauka ba. Gajiya ce da kunya suka haɗu.

Da hantsi washegari muka shiga ruwa, ni da Yaya. Ya zauna a baya, wurin zamansa na kullum, har katakon ya yi sulɓi da siffar zamansa. Ya murɗa mariƙin da hagu. Jirgi ya zame shiru, ba ƙara ko kaɗan, mutanen bakin ruwa suka ɗauki kabbara. Na ga haƙoran Yaya a karo na farko tun zuwana. Ya ƙara wuta. Muka yi nisa har mutane suka koma ƙanana. Sai na ji wari. Duk mai wayarin ya san warin nan ko yana barci. Na taɓa wayar, ta ƙona min yatsa, robarta ta fara narkewa tana ɗiga a kan katako. Na fizge kan batir. Inji ya yi shiru.

Muka tsaya a tsakiyar ruwa. Ni ban iya iyo ba, ban iya tuƙi ba. Yaya ya miƙo min filafili ya ce in ja ta nan, in ja ta can. Jirgi ya yi ta zagaye a wuri ɗaya kamar akuyar da aka ɗaure a turke. Ya karɓa da hagu, ya tokare da ƙirji, yana ja yana cije leɓe, ina ganin zufa na tsattsafo masa. Sai da wani masunci da ke dawowa ya hango mu ya ɗaure mu a bayan nasa. Haka aka jawo mu har gaɓa, a gaban mutanen da suka yi mana kabbara. Ba wanda ya yi dariya. Da sun yi da ya fi min sauƙi.

Bayan azahar muna zaune a gindin wata bishiya, ni da shi kawai. Ya dubi jirgin. Sai ya ce, "Rabi'u, kai ka san aikinka. In abin nan ba na ruwanmu ba ne, ka faɗa min gaskiya. Ba zan ji haushi ba. In haɗa kayana mu tafi tare, ka huta da zirga-zirga."

Ba zan ɓoye muku ba, maganar ta shiga raina fiye da yadda ya kamata. Bayana ciwo, yatsana ya tashi, ina marmarin gida. Kalma ɗaya zan faɗa. In na ce ba zai yi ba, ba mai ƙaryata ni a duk Lagdo, kowa ya ga hayaƙi da idonsa. Sunana ya tsira, a ce kayan Turawa ne ba su dace da mu ba. Ga Inna kuma, ga wanda ta ce in taho mata da shi. Komai ya tsaya a wuri ɗaya, har na buɗe baki. Sai na dubi hannunsa na hagu, yana ta murɗa iska a kan gwiwarsa, bai ma san yana yi ba.

Na ce, "Yaya, injin lafiyarsa ƙalau. Ni ne na yi shirme. Na yi wa jirginka lissafin mota." Na bayyana masa komai, har da cewa na san siririyar wayar ba za ta ɗauka ba.

Na zaci zai yi faɗa, don yana da zuciya tun muna yara. Sai ya ce, "Ita jar, kamu nawa ce?"

Na ce tara.

"In ka raba ta biyu fa?"

Na ce ai na yi wannan tunanin. Kamu huɗu da rabi ba zai kai tsakiya ba, dole batir ya matso baya. Ga inji, ga batir biyu, ga shi kansa, duk a baya, jirgi zai ɗaga kai, igiyar ruwa ɗaya ta cika shi.

Ya ce, "To ni in tashi mana."

Ban gane ba sai da ya kai ni ya nuna min. Batir su koma kusa da baya, shi ya dawo tsakiya, nauyinsa ya daidaita nasu. Na ce mariƙin inji fa, hannunsa ba zai kai ba. Ya ce wannan ba matsalar mai wayarin ba ce. Ya sa aka kawo gora miƙaƙƙiya, aka zura mariƙin a bakinta, aka ɗaure tam da robar tayar babur. Kafinta ya zo zai cire akwati ya mayar baya, sai ya ga dole katakon zaman Yaya ya fita kafin akwatin ya shiga. Ya tsaya da guduma a hannu yana kallonsa. A wurinsu mai jirgi a baya yake zama, tsakiya wurin kaya ne da baƙo. Yaya ya ce, "Cire mana, me kake jira?" Amma ya juya baya lokacin da ake ɓamɓare shi.

Na raba jar waya biyu. Tunda duk ja ne, na naɗe ɗaya da baƙar roba a kai da gindi, na sa shi ya nuna min wacce ce wacce har sau biyar. Farantan sola da surukinsa ya kawo masa tun kafin zuwana na kafa su a kan sanduna a bakin ruwa, da doguwar waya da soket, don kada ya taɓa ɗaga batir. In ya dawo daga kamun kifi, ya soka, ya tafi gida. Wannan ya ci min yini guda cur a rana, har fatar wuyana ta saɓule.

Ranar gwaji na biyu na cire takalmi zan shiga, ya ce, "A'a. Tsaya a nan." Na ce in wani abu ya faru fa? Ya ce, "Ranar da ya faru me ka yi?" Adda Hafsatu ta fashe da dariya a bayana. Ya zauna a tsakiya, wurin baƙo, komarsa a gabansa, gora a hannun hagu. Ya murɗa. Na tsaya a kan yashi ina kallo har ya shige bayan wani dutse. Awa uku ina tsaye, hancina yana neman warin da ba zai iso ni ba ko da akwai shi. Da ya dawo na riga kowa shiga ruwa har gwiwa, ban kalli kifin ba, waya na taɓa. Sanyi ƙalau. Karfasa bakwai ya kamo da tarwaɗa ɗaya, ya ce ba yawa, hannun hagu bai saba jefa koma ba tukuna. Yana faɗa yana dariya.

Dawowa ba ni da batir, amma hanyar ta fi min tsawo. Adda ta cika min kwali da banda, rabi na Inna. Yaya ya raka ni tasha, ya ce in gaya mata zai zo da sallah in ruwa ya yi kyau. Mu duka biyu mun san sau nawa ya faɗi haka.

Na sauka Bauchi da rana, ban biya gida ba na wuce Tirwun. Ina sallama Inna ta fito da sauri, ba ta ko sa takalmi ba. Ta amsa, amma ba ni take kallo ba, ƙofar da ke bayana take kallo. Na ajiye kwalin. Ɗakin da ke kusa da nata, wanda muke zuba tarkace, an kwashe shi, an yi masa farar ƙasa, an shimfiɗa sabuwar tabarma, har da buta a bakin ƙofa.

Ta ce, "Ya yi aiki ke nan."

Na ce, "Ya yi, Inna."

"Ba abin da zai lalace?"

Na ce in an kula da shi zai yi shekaru.

Ta gyaɗa kai. Ta ce, "Dama aikinka ba ya lalacewa. Allah ya yi maka albarka." Ta shiga ɗakin, ta naɗe tabarmar, ta fito da ita a hammata, ta ce in ja ƙofar in rufe kada kaji su shiga.

Na rufe.